Laifin Ɗan Bindiga Nasa Ne, Saura Na Waɗanda Suka Share Masa Hanya

Kwanakin baya na je ta'aziyya Gusau, gidan wani abokin karatuna da aka harbe ƙanensa a gona yana tsaka da shara, ana jiran saukar ruwan fari. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, jama'a na zuwa ana addu'a ana tashi, har hira ta gangaro kan masifar da ta tara mu. Wani matashi, malamin firamare, ya ce cikin sanyin murya wannan abu ba zai ƙare da harsashi kaɗai ba, sai an koma an duba yadda aka cinye burtali da yadda aka daɗe ana tatsar makiyaya a kotuna. Bai rufe baki ba wani dattijo ya katse shi, ya ce: "Kai yaro, ƙasar kabarin ma ba ta bushe ba, har ka fara nema wa masu kisa uzuri?" Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," bai ƙara tofa komai ba har muka tashi.

A hanyar dawowa kuma direban motarmu ya kunna rediyo, sai ga wani mai sharhi yana ta nanata cewa mutanen daji su ma an zalunce su, an kai su bango, ba su da wani zaɓi. Maganar dattijon ta dame ni, ta mai sharhin kuma ta fi ɓata mini rai, domin ban jima da barin gidan da aka bar marayu huɗu ba.

Matsayina shi ne wanda ya ɗauki bindiga ya harbe manomi a gonarsa shi ya kashe shi, kuma jinin yana wuyansa a duniya da lahira, ko da an taɓa kwashe masa garke kaf. Haka nan duk wanda ya hana a bincika yadda aka yi yara dubbai suka ƙare a daji da bindiga, yana taimakawa ne a sake haifar wasu dubban, ko bai yi nufi ba. Abin da muke kira lalacewar tsari kuma mutane ne masu suna da muƙami suka lalata shi, saboda haka maganar alhakin mutum a kan abin da ya aikata, wadda dattijon nan yake karewa, bai kamata ta tsaya a kan mai riƙe da bindiga kaɗai ba.

Dalili daban, uzuri daban

Mutanenmu da yawa suna jin kalmar "dalili" kamar an ce "uzuri", kuma daga nan rigimar take farawa. Idan likita ya ce ruwan rijiyar unguwa ne ya kawo amai da gudawa, babu mai zarginsa da goyon bayan cutar. Amma da zarar wani ya ce rashin adalci yana cikin abin da ya haifar da ta'addancin daji, sai a fara kallonsa a matsayin infoma.

Addininmu bai san wannan ruɗanin ba. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar wasu bayin wani sahabi mai suna Haɗib sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci. Da aka kawo ƙara, Umar ya fara ba da umarnin a yanke hannuwansu, sannan ya dubi ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake bar su da ita, ya ɗora masa biyan ninkin kuɗin raƙumar. Mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400, aka sa Haɗib ya biya 800. Umar bai ce ba a yi sata ba, bai kuma bar mai dukiya ya tafi hannu rabbana ba, amma ya bi sawun laifin har ƙofar wanda ya share masa hanya.

Na san sata saboda yunwa ba ɗaya take da kisan gilla ba, kuma babu yunwar da ke halatta ƙona rumbu ko yi wa matar aure fyaɗe a gaban mijinta. Abin da na ɗauko daga ƙissar shi ne yadda alƙalin ƙwarai yake tambaya biyu a zama ɗaya: wa ya aikata, kuma wa ya sa aikatawar ta zo da sauƙi.

"Ai mu ma talakawa ne, me ya sa ba mu shiga daji ba?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawowa, kuma ina girmama ta. Mai tura baro a kasuwar Gusau, da matar da ke surfe a gidajen mutane don ta samu tsaba, da almajirin da ya kwana bai ci ba, duk sun san yunwa fiye da yawancin masu sharhi, amma ba su taɓa ɗaga wa kowa makami ba. Cewa talauci ne ke sa mutum kisa cin fuska ne ga waɗannan bayin Allah. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma da talauci kaɗai ke mayar da mutum ɗan bindiga da babu garin da zai kwana lafiya a ƙasar nan.

Saboda haka ni kaina ban ɗauki talauci a matsayin babban dalili ba. Talauci busasshiyar ciyawa ce, tana nan ko'ina a Arewa, kuma ba ta kama wuta da kanta. Abin tambaya shi ne me ya sa ta kama a Ɗansadau da Zurmi da Batsari da Sabon Birni, kuma me ya sa aka rasa mai kashe ta tun tana ƙarama.

Yadda aka faro

Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma kowane dattijo a karkara zai iya nuna maka inda burtali ya bi da inda mashaya take a da. Jama'a ta ƙaru, gona ta yi ƙaranci, masu mulki kuma suka shiga yanka dazuzzuka da makiyayai suna rabawa manyan mutane. Shanu ba sa tashi sama, dole su bi ta wani wuri, kuma idan burtali ya koma gonar wake to ɓarna ta zama ta kullum.

Ɓarna ba sabon abu ba ce tsakanin manomi da makiyayi. A da mai unguwa da arɗo kan je su duba gona, a kimanta, a biya, a sha fura a watse. Abin da ya canza shi ne wurin da ake kai ƙarar, da abin da ake yi da ita a can.

Ina yaro akwai wani Bafulatani da ke kawo wa mahaifina nono da man shanu duk ranar kasuwa, muna ce masa Baffa. Shanunsa suka shiga gonar gero, ɓarnar da ba ta wuce dami uku ba. Aka kama ɗansa aka tsare, aka ce sai ya kawo kuɗin beli, ya sayar da bijimi. Aka kai magana kotu, aka ɗage, ya sayar da karsana ya ba wani da ya ce ya san alƙali. Aka sake ɗagewa sau uku. Ranar da ya zo gidanmu na ƙarshe ya zauna a zaure, ya ajiye sandarsa a kan cinya, yana lissafa wa mahaifina da yatsu shanun da shari'ar dami uku ta ci, har ya kai bakwai. Mai gonar kuwa, wanda maƙwabcinmu ne, abin da ya shiga hannunsa bai kai kuɗin akuya ba. Baffa bai ɗauki bindiga ba, ya tattara abin da ya rage ya yi kudu. Amma ɗan da aka tsare ɗin yana nan tsaye a bakin zaure yana sauraron lissafin, kuma har yau ina tuna yadda idonsa ya yi ja.

Da satar shanu ta yi ƙamari kuma hukuma ta yi nisa, sai ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai. Wasunsu sun tsare garuruwansu da gaskiya, wasu kuma suka mayar da kansu 'yan sanda da alƙalai da masu zartar da hukunci, suna kama mutum a tsakiyar kasuwa saboda kamanninsa su yanka shi a bainar jama'a. Ramuwa ta biyo baya, kuma ramuwar ba ta tsaya kan wanda ya yi laifin ba. A watan Afrilun 2014 aka afka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima da ke ƙaramar hukumar Maru, aka kashe mutum sama da 100 a yini guda. A daidai wannan zamani makamai suna ta kwararowa ta iyakokin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, ga kuma zinaren Anka da Bukkuyum da Maru ya jawo kuɗi da baƙin fuskoki cikin dazuzzukan da babu hanya, babu asibiti, babu makaranta, babu ofishin 'yan sanda. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma yaran da ke gadin waɗanda aka sace a yau yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba.

Wannan tarihi ne, kuma faɗinsa bai rage wa kowa zunubi ba.

Ga masu cewa "ba su da zaɓi"

Mai sharhin rediyon nan ya manta cewa abin da ya faro a matsayin ramuwa ya daɗe da komawa sana'a. 'Yan matan makarantar Jangebe 279 da aka kwashe cikin dare a watan Fabrairun 2021 ba su suka sayar da burtali ba. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kora daji a ƙafa a Disambar 2020 ba su taɓa zama a kujerar alƙali ba. Manomin da ake sa wa harajin noma kafin ya shiga gonarsa, a sake sa masa wani kafin ya girbe, shi ma talaka ne da aka zalunta a waɗancan kotunan. Wanda ya kira dangin mutum a waya ya sa su saurari kukansa ana dukansa, ya karɓi kuɗin fansa da babura da katin waya, sannan ya kashe shi, ya san abin da yake yi sarai, kuma ya zaɓe shi.

Hujja mafi girma a kan cewa akwai zaɓi ita ce Fulanin da suka ƙi shiga. Su ne mafi yawa, kuma su aka fara kwashe wa shanu tun kafin a taɓa birane. Yau suna tsakanin wuta biyu: a daji a ce su 'yan leƙen asirin gwamnati ne, a gari a ce duk kanwar ja ce. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma wannan aya tana yanka ta fuska biyu. Ta hana ɗan bindiga ya rataya laifinsa a wuyan gwamnati, ta kuma hana ɗan sa-kai ya rataya laifin ɗan bindiga a wuyan matar da ta kawo tallan nono kasuwa.

Tsarin ma mutane ne

Inda nake rabuwa da 'yan bokonmu masu son faɗin "matsalar tsari ce" shi ne yadda suke furta kalmar kamar suna maganar fari ko ambaliya, abin da ya sauko daga sama babu hannun kowa. Burtali bai ɓace da kansa ba, akwai wanda ya sa hannu a takardar rabon. Shari'ar Baffa ba ta ɗage kanta ba. Bindiga ba ta tsallako iyaka da ƙafarta ba, ta wuce shingaye, kuma a kowane shinge akwai mutum. Babur ba ya tafiya da ruwa, akwai mai kai jarkokin fetur daji a ninka masa kuɗi, akwai mai kai burodi da ƙwaya, akwai mai sayen shanun sata a rabin farashi ya loda su a tirela, akwai maƙwabcin da ke buga waya ya ce wane ya sayar da hatsi jiya.

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya ƙiyasta cewa an kashe mutum sama da 6,000 a jihar tsakanin 2011 da 2019, ya kuma nuna yatsa ga wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro. A 2022 an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Sai dai tuɓe rawani mataki ne na mulki, shari'a kuma aba ce daban, wadda ake yi a fili, a kawo shaidu, a tabbatar da laifi ko a wanke mutum. Talakan da aka kashe wa ɗa yana da haƙƙin ya ga an yi wannan, wanda ake zargi ma yana da haƙƙin a yi masa.

Da dattijon ta'aziyyar nan zai saurare ni, da na ce masa: Baba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa kowa ya ɗauki alhakin abin da hannunsa ya aikata, roƙona kawai kada lissafin ya tsaya kan mai silifas da bindiga, ya hau har kan mai babbar riga da biro.

"An gwada lallashi, me ya haifar?"

Za a ce mini an yi sulhu a Katsina da Zamfara, an ga ƙarshensa. Gaskiya ne. A 2019 duniya ta ga hoton Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, tsaye kusa da ɗan bindiga rataye da makaminsa, kuma a shekarar da ta biyo gwamnan da bakinsa ya ce sun ci amana, ya fasa. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse da Alƙur'ani, bai cika wata uku ba ya koma daji, can kuma aka kashe shi. A Yulin 2022 masarautar 'Yandoto ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa, sai da jama'a suka yi ca aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi.

Amma wannan sulhu bai taɓa tushen matsalar ba, kuma kuskure ne a kafa hujja da shi a kan masu cewa a gyara tushe. Burtalai ba su koma yadda suke a da saboda shi ba, ba a gyara kotun ƙauye ba, ba a biya diyyar wanda aka kashe ba, manomi ne ko makiyayi. Abin da aka yi shi ne zama da wanda ya fi kowa yawan bindigogi a lallashe shi. Yaron da ke kallo daga gefe ya koyi darasi guda: Baffa da ya bi doka ya rasa shanu bakwai babu wanda ya san sunansa, wanda ya ƙona ƙauyuka kuma gwamna ya zo har inda yake. Irin wannan sulhu ya yi watsi da hukunci, ya kuma yi watsi da gyara, ya haɗa asara biyu.

"Gida na ci da wuta, kana maganar gyaran rufi"

Wannan ma magana ce mai kan gado. Wanda ke kwana a daji da 'ya'yansa don tsoron hari ba zai jira a gina makarantar da za ta yi amfani bayan shekara goma ba. Dole a yi amfani da ƙarfi, dole soja ya shiga daji ya zauna, kuma ban ga laifin jihohin da suka kafa rundunoninsu ba, kamar yadda Katsina ta yi a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, matuƙar za a riƙe su da doka kada su zama 'yan sa-kai masu kaki.

Sai dai mun ga iyakar ƙarfi shi kaɗai. An kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a 2018 aka yi murna, wasu suka gaje shi. An rufe layukan waya da kasuwannin dabbobi a Zamfara a Satumbar 2021, kotu ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen shekarar, sojoji sun kashe wani ƙasurgumin, Halilu Sububu, a Satumbar 2024, kuma duk da haka har yau akwai ƙauyukan da ke tara kuɗin haraji gida-gida. Kowane ƙasurgumi da ya faɗi yana barin yara ɗari da ba su iya komai ba sai harbi da tuƙa babur, kuma a bayansu akwai ƙannensu da aka haifa a daba, waɗanda ba su taɓa ganin gwamnati ba sai a siffar jirgin yaƙi.

Aikin biyu ba sa jiran juna, domin ba ma'aikata ɗaya ke yin su ba. Soja ba shi ke shata burtali ba, mai shata burtali kuma ba ya buƙatar a gama yaƙi kafin ya buɗe fayil ya ga wa aka ba wane daji, a wace shekara. Babban alƙalin jiha ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya bi sawun ƙananan kotunan karkara ya kori masu cin hanci. A gurfanar da waɗanda aka kama a gaban kotu a fili, da mai harbin da mai kai masa fetur da mai sayen shanun, a yanke hukunci jama'a su ji. A yi haka ga ɗan sa-kan da ya yanka marar laifi a kasuwa. Yaran da aka haifa a daji kuma, waɗanda hannunsu bai taɓa jini ba tukuna, a fito da su a sa su makaranta tun kafin a miƙa musu bindiga.

Kafin in bar Gusau abokina ya raka ni bakin titi, na tambaye shi ko an san waɗanda suka yi abin. Ya ce maharan ba a san su ba, amma wanda ya nuna musu gonar ɗan garinsu ne, tare suka yi makarantar allo da mamacin. An kama shi, ya kwana tara a tsare, wani mai faɗa a ji ya tsaya masa, ya dawo yana yawonsa a kasuwa. Ya ce matasan garin sun fara taruwa da dare suna shawarar abin da za su yi da shi, kuma babban ɗan mamacin, mai shekara 14, yana zama a cikinsu.